Minti Ɗaya, Naira Hamsin

A unguwarmu gida ɗaya ne mai tarho. Baƙi ne, mai nauyi, yana zaune a kan ɗan tebur a soron ciki, an lulluɓe shi da ƙyalle kamar akushin maigida. A jikin faifan nan da ake juyawa da yatsa an saƙala ɗan ƙaramin kwaɗo, makullin kuwa yana aljihun Alhaji tare da na rumfarsa ta kasuwa. Amsa kira kowa yana iyawa, bugawa ce sai da izini. In ɗan unguwa da ke Ikko ko Jidda yana son jin muryar mahaifiyarsa, sai ya bugo ya ce a taimaka a kira masa ita, zai sake bugowa bayan la'asar. A tashi yaro da gudu. Tsohuwa ta yafa mayafi ta zo ta zauna a tabarma tana kallon ƙyallen nan. Wata rana har a kira magariba abin bai yi ƙara ba, ta miƙe ta ce, "Alhaji, bari in je in yi salla, Allah ya saka da alheri." Shi kuma ya ce, "Ba komai Inna, layi ne bai shiga ba. Gobe in ya bugo zan aiko."

Mu da ba mu da kowa a Jidda, tasha ce gidan wayarmu. Mahaifina fataucin goro yake yi tsakanin Shagamu da Kano, rabin shekara yana kurmi. In yana da magana sai ya sa a rubuta masa wasiƙa, ko ya sayi kaset ya zauna gaban rikoda ya yi ta bayani: gaisuwa ga kowa da sunansa, sannan huhu nawa ya ɗoro, wa za a ba kuɗi, wa za a ja wa kunne. A ba direban da zai taso, mu kuma mu je Mariri mu karɓa. Kafin amsarmu ta koma, farashin da muka faɗa masa ya zama tsohon labari. Ranar da kakarmu ta rasu, sanarwa aka kai gidan rediyon Kaduna, da fatan wani a Sabon Shagamu zai ji ya gaya masa. An ji kuwa, amma ranar sadakar uku ya iso. Ban taɓa jin ya zargi kowa ba. A lokacin nisa nisa ne.

Sai daga baya na san lissafin abin. A ƙarshen shekarun 1990 layukan tarho kusan dubu 400 ne a ƙasar da mutanenta suka doshi miliyan 120, wato layi ɗaya ga mutum ɗari uku, kuma kaso mai tsoka yana ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni a Legas. NITEL, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985, shi ne wuƙa shi ne nama. Mai neman layi yakan cika takarda ya jira shekaru, sai fa in yana da uwa a gindin murhu. Akwai wata wayar tafi-da-gidanka mai lamba 090, amma wannan ta manya ce, ana ajiye ta a kan tebur a wurin biki don a san an zo. Tsawon shekaru ana jingina wa David Mark, ministan sadarwa a zamanin Babangida, maganar cewa tarho ba na talaka ba ne. Shi ya ce ba haka ya faɗa ba. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, maganar ta zauna a bakin mutane ne saboda ta yi daidai da abin da idonsu yake gani.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tun 1992 aka kafa ta da dokar soja, amma ta daɗe tana gyangyaɗi. A zamanin soja an raba wa kamfanoni da dama lasisin waya, mafi yawansu ko turke ɗaya ba su kafa ba, takardar kawai suke riƙe da ita suna jiran mai saye. Da Obasanjo ya hau a 1999 aka share wancan rabon. A 2000 aka ɗora Alhaji Ahmed Joda, tsohon babban sakatare ɗan Adamawa, a kan kujerar shugaban hukumar, Injiniya Ernest Ndukwe kuma ya zama mai tafiyar da ita yau da gobe.

Abin da za su sayar iska ce. Duk mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango, ya kuma san in tasha biyu suka hau mita ɗaya sai dai ka ji hayaniya. Wayar salula ma rediyo ce 'yar ƙarama mai faɗa da ji. Tana bukatar zangonta, zangon kuma kamar fadama yake a ƙauye, kowa na so, ba ta isar kowa. Yadda aka saba rabon irin wannan fadamar a ƙasar nan kowa ya sani: a ɗaki, da daddare, tsakanin mutanen da suka san juna. Sai aka ce a wannan karon gwanjo za a yi a fili, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Mutane da yawa suka yi irin ta kare da aka ce ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas.

An gani kuwa. Kwana uku aka yi a Abuja cikin Janairun 2001. Kamfani biyar suka shiga, aka buɗe tayi daga dala miliyan 100, ana hawa zagaye bayan zagaye har biyu suka janye, farashi ya tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN na Afirka ta Kudu ya samu, Econet mai tushe a Zimbabuwe ya samu, CIL na Mike Adenuga ya samu, aka kuma keɓe wa NITEL nasa a kan shi ma ya biya haka. Manyan kamfanonin Turai ba su leƙo ba, don a lissafinsu Najeriya ƙasar matalauta ce da ba za su iya sayen waya ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka janye shi ne kamfanin Mo Ibrahim ɗan Sudan, wanda daga baya aka sani da Celtel. Bayan shekara biyar sai da Celtel ɗin ya biya wajen dala biliyan 1 kafin ya shigo kasuwar da ya ga ta yi tsada a miliyan 285.

A wurina ranar da ta fi ranar gwanjon nauyi ita ce ranar da wa'adin biya ya cika. CIL bai zuba kuɗin yadda aka sharɗanta ba. Yana da hujjarsa, ya ce zangon da aka ware masa ana shari'a a kansa. Duk da haka hukumar ta ce sharaɗi sharaɗi ne, lasisi ya tafi, kafin-alƙalamin dala miliyan 20 ma ya tafi. Attajiri ne ɗan ƙasa, mai ƙafa a ko'ina, aka ce masa a'a, a'ar kuma ta zauna. Duk mai kuɗin da ke kallo daga waje a ranar ya gane cewa takardar da ya saya tana da daraja. Wanda kuma ya zuba dala miliyan 285 ba zai sa takarda a akwati ya kwanta ba, dole ya kafa ƙarfen sabis ya nemo kuɗinsa. Ita ma gwamnati ta ba da nata: shekara biyar ba za a shigo da sababbin masu irin wannan lasisi barkatai ba, ga rangwamen haraji na farkon shekaru.

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki, daga Legas da Abuja da Fatakwal, Kano da Kaduna suka biyo baya. Layi kaɗai, ɗan guntun katin nan da bai kai farcen babban yatsa biyu ba, naira dubu 20 ne, wani lokaci fiye, a zamanin da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha yake naira 5,500. Kira kuma naira hamsin minti ɗaya. Yaran yau sukan yi dariya in an ce naira hamsin, to a 2001 litar fetur naira 22 ce, minti ɗaya na magana ya fi lita biyu. Kuma minti ake ƙirgawa dunƙule. Ka yi daƙiƙa biyar layi ya yanke, hamsin ta tafi. Ka yi daƙiƙa sittin da ɗaya, ɗari ce.

Wannan lissafi ya yi wa gaisuwar Bahaushe aski. Mu mutane ne da ba ma shiga magana sai mun share mata fage: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya yara, yaya zafi, yaya muka ji da haƙuri. Minti ɗaya ba ya isar dattawa biyu su gama tambayar lafiya. Na sha ganin saurayi ya kira mahaifinsa, tsoho yana can yana jero gaisuwa bi da bi, yaron yana ciro wayar daga kunne yana duba agogonta yana cewa, "Baba, a gafarce ni, kati ne, kati zai ƙare." Mutane suka ƙware wajen katse magana a daƙiƙa hamsin da tara kamar mahauci mai yanka a gaɓa. Aka ƙirƙiro filashin, a buga a kashe kafin a ɗauka, har ya zama yare mai ƙa'idarsa: sau ɗaya na iso lafiya, sau biyu kira ni. Ƙarami ke yi wa babba filashin, yaro ya yi wa ubangidansa. Saurayin da ya yi wa budurwa filashin kuwa ya zubar da girmansa a unguwa.

Sai kuma lema. Kusan kowace kwana ka ga tebur da kujera da lema mai launin kamfani, matashi yana zaune da waya biyu ko uku da ɗan littafi. Suna sarin lokaci ne a wurin kamfani su sayar ɗai-ɗai, minti naira talatin, daga baya ashirin. Babu injiniyan da ya zana wannan sana'a a takarda, amma a ƙarƙashin lemar nan ne talaka ya fara riƙe waya a kunnensa. Can ma aka ci gaba da irin abin da ake yi a soron Alhaji: a bugo a ce a kira wance, sai dai yanzu ana biyan kuɗin amsawa.

Mutane sun yi ta ƙorafi a koma ƙirga daƙiƙa, kamfanonin biyu suka ce ba zai yiwu ba sai nan da wasu shekaru, na'urorinsu ba za su ɗauka ba. Takaici ya kai ranar 19 ga Satumban 2003 aka yi gangamin kashe waya na yini guda a faɗin ƙasa. Amma abin da ya karya lagon minti ya riga gangamin da mako uku. Adenugan nan da ya rasa lasisi ya dawo ta wata ƙofa, ya sayi na babban kamfanin sadarwa na biyu a 2002 a kan dala miliyan 200, ranar 29 ga Agustan 2003 kuma Glo ya buɗe da ƙirga daƙiƙa tun daga kiran farko. Cikin 'yan watanni abin da ba zai yiwu ba ya yiwu a wurin kowa. Dole ƙanwar na-ƙi. Kuɗin layi ya dinga gangarowa har ya kai ana bin mutane da shi a titi kusan kyauta, aka shiga rabon garaɓasa, har da kiran dare na kyauta wanda ya hana samari da 'yan mata barci ya kuma ba malamai abin wa'azi.

Iyayenmu mata sun san wannan karatun tun kafin masana tattalin arziki, in ba za su yi fushi da misalin ba: ranar da aka ce maigida zai ƙara aure, ranar girkin uwargida yake ƙara daɗi. Hukuma ba ta aika takarda ta ce a rage farashi ba. Kishiya ta shigo da ita, ta kuma tsaya a tsakar gida tana hana a cuci juna. Dokar sadarwa ta 2003 ce ta ba ta ƙarfin yin haka: ta tilasta wa kowane kamfani ya bar kiran ɗan'uwansa ya shigo, ta yanke kuɗin da zai biya in kiransa ya sauka a gidan wani. Ba don wannan ba, da babba ya toshe ƙofa ya bar sabon shiga yana magana da kansa. Mai son ya gane bambancin sayar da kamfanin gwamnati da kawo gasa, ya dubi wutar lantarki. A 2013 an sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, amma kowa da yankinsa, mutumin Kano ba zai ce ya gaji bari ya koma na Ibadan ba. An canza mai gida ne kawai, gidan yana nan da mace ɗaya.

Don adalci, tsadar farko ba haɗama ce zalla ba. Kamfanonin sun zo sun tarar babu abin dogara. Kowane ƙarfen sabis sai an ajiye masa janareta biyu da tankin man dizal da maigadi, hanyoyin da za su haɗa gari da gari kuma sai da suka shimfiɗa nasu. Wanda ya zo sayar da magana ya wayi gari yana samar da wuta, yana dakon mai, yana tsaron dare. NITEL kuwa, wanda aka ba lasisi ba tare da ya yi tayi ba, ya yi ta shan jinya. An sayar da shi a 2001 masu saye suka kasa biya, aka ba wasu riƙo, aka sayar wa Transcorp a 2006 aka karɓe a 2009, daga ƙarshe abin da ya rage ya tafi a kan dala miliyan 252, ƙasa da kuɗin lasisi ɗaya na 2001. Ƙananan kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone, masu wayar da ke zuwa da layinta a jiki, sun yi tashe a Kano da wasu birane sannan suka shuɗe. Shi ko Econet suna ya yi ta sauyawa kamar mai gudun bashi: Vmobile, Celtel, Zain, sannan Airtel a 2010. Har yau akwai dattawan da in suna ba ka lambarsu za su ce "ta Zain ɗin".

In ana maganar ƙirƙira a wannan fanni akan tafi wajen manyan abubuwa, 3G da 4G da 5G. Ni abin da ya fi burge ni ƙanana ne, waɗanda matsala ta haifa. Rashin wuta ya ɗaukaka 'yar Nokia mai tocila, wadda mutanenmu suka raɗa wa rakani-kashi, ya kuma haifi mai caji da ɗan janaretansa da allon soket hamsin, kowace waya da lambarta a jiki. Tsadar kira daga wannan layi zuwa wancan, da yadda sabis ɗin wani ke kamawa a inda na wani ba ya kamawa, su suka sa mutum yake yawo da waya uku a aljihun riga. Wani kamfanin Sin ya lura da haka ya kawo Tecno mai layi biyu da batir mai daɗewa, ya ture manyan da suka raina kasuwar. Je ka Farm Centre ko titin Beirut a Kano ka ga yaran da ba su taɓa shiga ajin injiniya ba suna buɗe cikin waya da ɗan ƙarfen walda suna tayar da matacciya. Masu tura waƙa da fim da wa'azi a memori suka kashe kasuwar kaset da faifai, 'yan fim ɗin Kano suna kuka, kafin YouTube ya zo ya ɗan share musu hawaye. Saƙon kar-ta-kwana na masu boko ne, amma da WhatsApp ya kawo saƙon murya, sai ga kaset ɗin mahaifina ya dawo, babu direba.

Akwai wurin da ƙirƙira ta zo bakin ƙofa aka hana ta shiga. A 2007 Kenya ta bar kamfanin waya ya fara M-Pesa, mutum ya aika kuɗi daga ƙaramar waya ba tare da asusun banki ba. Gana ta bi sahu, ƙauye da birni ana hulɗa da shi. A nan Babban Banki ya ce wannan aikin banki ne, kamfanonin waya su tsaya gefe. Yana da dalilinsa, tsoron kada kamfani ɗaya ya riƙe maganar mutane ya kuma riƙe kuɗinsu. Amma wa ya biya kuɗin wannan taka-tsantsan? Arewa, inda ƙaramar hukuma sukutum kan rasa reshen banki ko ɗaya alhali mai sayar da kati yana kowace kasuwa. Sai a 2022 MTN da Airtel suka samu cikakken izinin buɗe irin nasu bankin. Kafin nan shekara goma sha biyar sun wuce, kuma da aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, su OPay da Moniepoint ne suka tsinci dami a kala.

Haka zancen intanet. A 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas, farashin sari ya faɗi warwas a bakin ruwa. Jawo shi zuwa Sakkwato ko Maiduguri ne aiki, don kowace jiha tana son kuɗin haƙa a kan kowace mita. An yi matsaya a kan naira 145, jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu, Kaduna kuwa ta yafe nata gaba ɗaya a 2020. Ga kuma masu aikin titi da ke tsinke wayar da katafila ba ko sannu.

Tun da waya ta shiga hannun kowa, hannun hukuma ya dawo, a wannan karon da sunan tsaro. An fara rajistar layi a 2011. A Oktoban 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a yanke ba, dubu 200 kowane layi, kafin a sasanta a kan biliyan 330 da sharaɗin ya sayar wa 'yan ƙasa hannun jari. A Disamban 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, mutane suka yi cincirindo a ofisoshi ana tsakiyar annobar korona. Duk wannan mai sauƙi ne a kan kashe sabis ɗungurungum. An yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 lokacin dokar ta-ɓaci, a yankin da 'yan Boko Haram suka riga suka ƙona ƙarafan sabis da dama. Aka sake yi a Zamfara a Satumban 2021, aka ce mako biyu, wasu wuraren suka yi watanni, abin ya kuma haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen Gusau suna hawa mota zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya su duba asusu, har ita ma Funtuwar aka rufe ta. Na bakin iyaka suka koma layukan Nijar. Niyyar ita ce a toshe kunnen 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, amma ƙauyen da aka taso wa da daddare shi ma ba shi da hanyar kiran kowa. A lokacin ne na ga mutanen da aka haifa bayan 2001 sun ɗanɗani duniyar da muka taso a ciki, kuma ba su da haƙurinmu, don su sun san akwai wata.

Yanzu gidan da ya cika da kishiyoyi ya fara yin shiru. Etisalat, wanda ya shigo a 2008 da lambar 0809 ya ja matasa, bashin dala biliyan 1.2 ya ci shi bayan naira ta faɗi, Larabawan suka tattara suka tafi a 2017, ya koma 9mobile. Layukansa da suka taɓa haura miliyan 20 suka zube zuwa ƙasa da miliyan 4. MTN shi kaɗai yana riƙe da fiye da rabin kasuwa, Airtel yana biye, sauran suna neman numfashi. Tun 2013 aka ba mutum damar ɗaukar lambarsa ya koma wani kamfani, amma komawa ina? Ƙarafan sabis ɗin ma galibi an sayar wa kamfanonin haya irin su IHS, kishiyoyin duk a ɗaki ɗaya suke kwana, in janareta ya mutu kowa ya mutu. Da aka yi gwanjon 5G a Disamban 2021, farashi ya tsaya a dala miliyan 273.6, kusa da na shekara ashirin baya. MTN ya ɗauka, da wani sabon kamfani Mafab wanda har yau ba kasafai kake haɗuwa da mai layinsa ba. Gwanjon ya yi tsafta, baitulmali ya samu, amma bai girgiza kasuwa kamar na farko ba, don wanda ke iya zuba irin wannan kuɗi shi ne dai wanda ya riga ya fi kowa.

A Janairun 2025 hukumar ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin ninki suka nema, kuma ba za a ce ba su da hujja ba: dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, man dizal ya yi tashin gwauron zabo, MTN da kansa ya yi shekara biyu a jere yana bayyana asara. Har da ƙarin ma minti bai koma naira hamsin ba, a zamanin da hamsin ɗin ba ta sayen ƙullin gyaɗa mai kirki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi ƙarin. Duk suka je tare, suka roƙa tare, aka ba su tare, suka ƙara tare. Na yi ta sauraro ko wani zai yi irin ta 2003 ya ce shi ba zai ƙara ba, a zo wurinsa. Ban ji ba.

Akwai kuma inda kishin bai taɓa kaiwa ba tun farko. Kamfani yana kafa ƙarfe ne inda kira zai biya kuɗin dizal. Dokar 2003 ta san da haka, shi ya sa ta tanadi asusu na musamman don kai sabis wuraren da babu riba, amma hukumomi da bakinsu suna cewa sama da mutum miliyan 20 har yanzu suna zaune a inda waya ba ta kamawa. Ƙauyen su mahaifiyata yana ciki. Kowa yana da waya, wasu ma manya masu shafawa, amma sabis sai a kan wani tudu bayan gari, ko a garin da kasuwa ke ci, tafiyar rabin awa a babur.

Kawuna ya samo dabararsa. Da daddare bayan isha'i yakan zauna a ƙofar gida ya danna ya yi magana son ransa, saƙon ya tsaya da ɗan agogonsa a gefe. Ranar kasuwa sai ya ba wani ɗan acaɓa wayar, tare da ta mutum biyar ko shida, ya zuba su a jaka. Da sun shiga inda sabis yake sai saƙonni su tashi, amsoshi su shigo, ya kai su wurin mai caji, da yamma ya dawo wa kowa da tasa a ba shi na mai. Na makon jiya minti goma sha ɗaya ne. Ya gaishe ni, ya gai da maiɗakina, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu har da wadda aka yaye, ya tambayi zafi, ya tambayi aiki, ya yi addu'a. A minti na tara ya zo kan magana: gero ya sauko, in ina so in aiko da kuɗi kafin ya tashi. Ran Talata ya yi maganar, ran Alhamis ta iso.